Ɗalibi da Ƙwayar Ido

Ban yarda da malaman da ke koya wa yara cewa kalmar pupil ta Turanci ɗalibi daban, baƙin ƙwayar ido daban, a haddace a wuce ba. Tsatsonsu ɗaya ne. A harshen Latin, pupa na nufin 'yar tsana ko ƙaramar yarinya. Daga wannan tsatso aka samo pupillus, wato maraya da ke hannun mai riƙo, kuma da wannan ma'ana kalmar ta shiga Turanci a ƙarni na 14. Sai a ƙarni na 16 ta koma yaron da ke gaban malami. Ta ido ce ta fi burge ni. Ku matsa kusa da ɗan'uwanku inda akwai haske, ku dubi tsakiyar idonsa, za ku ga wani ɗan mitsitsin mutum na kallonku, ai ku ne. Shi Rumawa suka gani suka ce pupilla, Larabawa kuma suka ce insanul aini, mutumin ido. Tauye wa yaro haƙƙi ne a rubuta masa ma'ana biyu a allo a hana shi wannan labari, alhali minti biyu ya isa a ba shi.