Hotunan bogi a Zamfara: Manhaja kaɗai ba ta isa ba

Da zarar an kai hari wani ƙauye a Tsafe ko Bungudu, kafin ɗan jarida ya isa wurin, hotuna sun riga sun karaɗe wayoyin Gusau. Wasu na gaskiya ne, wasu an yi musu kwaskwarima. A jihar da ake zaman ɗar-ɗar, hoto guda ya isa ya tayar da ramuwar gayya. An gani a Filato a watan Yunin 2018: binciken BBC ya gano cewa wani bidiyon kisa da aka yaɗa a Facebook, a Kongo-Brazzaville aka ɗauke shi tun 2012.

Akwai manhajojin gano jabu. Kowace kyamara tana barin wani ɓoyayyen tabo a hotunanta, tamkar zanen yatsa. Idan aka yanko wani yanki daga wani hoto aka liƙa, tabonsa yakan saɓa da na sauran hoton, kuma kwamfutar da aka horar da dubban hotuna tana iya kama shi.

Sai dai WhatsApp, inda galibin hotunanmu ke yawo, yana matse hoto, ya goge bayanan rana da wurin ɗauka, ya dusashe waɗannan alamu. Tsohon hoto na gaskiya da aka sauya wa labari kuwa, ba shi da wani tabo da na'ura za ta gani.

Don haka ya kamata gidajen rediyon Gusau da masu manyan shafuka su riƙa neman asalin hoto daga wayar wanda ya ɗauka, su kuma duba a Google Lens ko ya taɓa fitowa, kafin su wallafa.