Kafin ka sayi injin jirgi, ka fara sanin bakanikensa

Makon jiya wani mai karanta wannan fili, Basarke daga wajen Yawuri, ya aiko min da tambaya. Shekara biyu yana tara kuɗi, kafaɗunsa sun gaji da filafili, yanzu yana so ya ɗaura wa jirginsa ƙaramin inji. Ƙanensa da ke makaranta ya kafe a kan sai mai bugu huɗu, wai shi ne na zamani kuma ba ya shan mai. Dattawan bakin ruwa kuwa sun ce kada ya soma, ya sayi irin wanda kowa ya sani. Shi ne ya ce in raba musu gardama.

Ni ba masunci ba ne, amma na daɗe ina zama a rumfunan masu gyaran inji, kuma amsata ba za ta yi wa kowane ɓangare daɗi gaba ɗaya ba. Ƙanen yana da gaskiya a kan injin. Dattawan suna da gaskiya a kan wurin da injin zai zauna.

Duk wanda ya taɓa riƙe ɗan ƙaramin janareta irin wanda ake zuba wa baƙin mai a cikin fetur ya riga ya san mai bugu biyu. Mai da baƙin mai tare suke shiga, tare suke ƙonewa, shi ya sa yake hayaƙi. A duk zagaye ɗaya akwai fashewa ɗaya, kuma a daidai lokacin da sabon mai ke shiga ne hayaƙi ke fita, don haka wani kaso na fetur ɗin yakan bi hayaƙin ya fice ba tare da ya ƙone ba. Wannan ne maiƙon da ake gani yana ƙyalli a kan ruwa bayan jirgi ya wuce. Mai bugu huɗu kuwa irin na mota ne. Yana shaƙar mai, ya matse, ya ƙona, sannan ya fitar da hayaƙi, kowane aiki da lokacinsa, akwai bawul da ke buɗewa da rufewa, baƙin mai kuma yana da gidansa daban.

Mun ga wannan canji da idonmu a kan titi. A zamanin da Jincheng ke tashe a hannun ’yan acaɓa, hayaƙi ne ke rufe mahaɗar hanya. Da Boxer mai bugu huɗu ta shigo, ba wa’azi aka yi wa kowa ba, lissafin mai ne ya kori tsohon babur. Amma a tuna, ba ta zauna da gindinta ba sai da kayan gyaranta suka cika kasuwa, kowane bakanike a gindin bishiya ya iya kwance ta. A kan ruwa ba a kai nan ba tukuna. Daga tafkin Kainji zuwa Baga, har Yeji a kan tafkin Volta na Gana, abin da ido ya fi gani shi ne Yamaha Enduro mai bugu biyu, doki 15 ko 25 ko 40. Ba don masunta ba su waye ba. Injin ne da za a kwance a kan buhu da sifana uku, a mayar kafin la’asar, kuma fulogi da farfelarsa suna nan a kasuwar mako.

To me ya sa nake goyon bayan ƙanen? Fetur. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka sanar da janye tallafi, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta tashi har ta haura dubu a shekarar da ta biyo baya, kuma masunci ba a gidan mai yake saya ba, a hannun ’yan bumburutu ne, da ƙari a kai. Mai bugu biyu mai doki 15, idan aka murɗa shi har ƙarshe, yakan sha wajen lita bakwai a awa. Takwaransa mai bugu huɗu yakan tsaya wajen biyar, kuma idan ana tafiya a hankali, irin ta mai duba taru ko mai ɗaga mamari, tazarar ta fi haka faɗi. Mu ƙaddara lita biyu ce kawai bambancin. Awa uku a rana, kwana ashirin da biyar a wata, lita ɗari da hamsin ke nan. Ka ninka da farashin garinku. Ba mu ma sa kuɗin baƙin man da ake gaurayawa ba, lita ɗaya a kowace lita hamsin ta fetur. Mai bugu huɗun ya fi tsada a ranar saye, wannan ba musu, amma mai fita kullum zai ga rarar ta dawo masa. Ga rashin ƙara, ga ba hayaƙi, ga shi yana iya daɗewa yana aiki a silo ba tare da fulogi ya yi baƙi ba.

Turawa da Amurkawa ma ba don ƙauna suka koma kansa ba. Dokokin hana gurɓata iska da ruwa ne suka matsa wa kamfanoni tun daga ƙarshen shekarun 1990, har irin tsohon mai bugu biyun nan ya ɓace daga shagunansu, aka ci gaba da ƙera shi don kasuwanni irin namu. Honda kuwa tun injinta na farko a 1964 mai bugu huɗu take yi, ba ta taɓa canzawa ba.

Yanzu ga inda dattawan suka fi ƙanen hangen nesa. Mai bugu biyu yana yafe sakaci. Mai bugu huɗu ba ya yafewa. Baƙin mansa dole a juye bayan awa ashirin na farko, daga nan kuma duk bayan awa ɗari, wato ga mai fita kullum kusan kowane wata. Dole a zaro sanda a duba kafin a tayar. Wanda ya saba zuba baƙin mai a jarka ya girgiza ya wuce, sai ya manta akwai wani gida daban da ke jiran nasa, ranar da ya tuna kuwa injin ya riga ya ƙwanƙwasa. Akwai kuma abin da mai shago ba kasafai yake faɗa ba: ba a kwantar da shi ta ko’ina. A yawancinsu akwai gefen da aka yarda a kwantar, idan aka juya ɗaya gefen sai baƙin mai ya gangara cikin silinda. Mu kuwa kullum da yamma sai an kwance inji an kai gida saboda ɓarayi, yaro ne zai saɓa a kafaɗa ya yar a zaure yadda ya ga dama. Na taɓa ganin sabon inji da bai cika wata ba, mai shi yana ta jan igiya ta ƙi motsi, yana tsine wa wanda ya sayar masa, alhali kwanciya ce kawai aka yi masa ta hagu. Wasu sababbin ƙanana an gyara musu wannan, ana iya kwantar da su ta gefe uku. Tambaya ce da ya kamata a yi kafin a ƙirga kuɗi.

Sai nauyi. Mai bugu huɗu mai doki 15 yakan ɗara takwaransa mai bugu biyu da kilo biyar zuwa goma, ya kai tsakanin 43 da 50. A bayan siririn jirgin katako wannan ba ƙaramin abu ba ne, musamman idan iska ta taso tsakiyar tafki. Shi ya sa na tambayi mai tambayar tawa ko doki 15 ɗin ma yana bukata. Jirgin katako mai nauyi yana da iyakar gudun da tsawonsa ya yarje masa, idan ya kai nan, duk ƙarfin da aka ƙara igiyar ruwa kawai yake tayarwa, mai yana ƙonewa a banza. Mai su shi kaɗai ko da yaro ɗaya, a ruwan da ba ya gudu, doki 5 ko 6 ya ishe shi, nauyinsa bai kai kilo 30 ba, mutum ɗaya zai ɗauka. Wanda zai riƙa hawa kogin Neja da damina, ruwa na tunkuɗo shi, ga kifi ga jiƙaƙƙen taru, shi ne mai bukatar 9.9 ko 15. Su ’yan ƙananan nan masu doki biyu da rabi, masu kilo goma sha uku zuwa sha bakwai, suna da kyau a fadama da ƙaramin dam. Na Honda iska ce ke sanyaya shi, don haka ciyawa da taɓo ba sa toshe masa hanyar ruwa, sai dai yana da ƙara, kuma ba abokin tafiyar mai tsallaka Kainji ba ne.

A nan zan ɗan kauce. Duk ƙarfin injin da aka saya don su, ranar kasuwa jigilar mutane zai yi, mun sani. Wanda bai manta da jirgin da ya nutse kusa da Warra a watan Mayun 2021 ba, da ɗimbin rayukan da suka salwanta, ya san cewa ƙarin doki ba ya ƙara wa jirgi faɗi. Sau da yawa ma babban inji ne ke ba mai jirgi ƙwarin gwiwar lodin da bai kamata ba.

Batun suna fa? Yamaha, Honda, Suzuki, Tohatsu, duk na Japan ne, duk sun haura shekara hamsin suna wannan sana’a, kuma a ƙananan injuna ba wanda zan ce ya fi wani da tazarar da za ta hana barci. Ƙananan Mercury ma masana’antar Tohatsu ce ta daɗe tana ƙera su, sai a canza fenti. Na China irin su Parsun sun fi araha, wasunsu an ƙera su a kan fasalin Yamaha har wasu kayan kan shiga juna, wannan kuwa ba abin rainawa ba ne a ƙauye, ko da yake ƙarfen ba ɗaya ba ne. Babban suna ma ba lamuni ba ne. Evinrude, sunan da ya fi kowane daɗewa a wannan harka, an daina ƙera shi a 2020, masu shi suka koma farautar kayan gyara. Saboda haka tambayar ba wane ne ya fi ba, tambayar ita ce: idan robar famfon ruwa ta cinye ranar Laraba, a ina zan samu wata kafin Juma’a, kuma wa zai sa min? Wannan ’yar robar mai fukafukai ita ce ran injin da ruwa ke sanyayawa, ruwanmu mai yashi kuwa cin ta yake yi. Wanda ya sayi inji bai haɗa da guda biyu na ajiya ba, da fulogi, da matatar mai, da farfela ɗaya, bai gama sayayya ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da ke kashe injunan da ’yan siyasa ke rabawa masunta ke nan, a kawo su a kwali da hoton mai girma, ba kayan gyara, ba wanda aka koya wa, bayan damina ɗaya sun zama turken awaki.

Akwai kuma sababbi marasa kafireta, masu fesa mai da lissafin na’ura, wasu ma ba sa bukatar batir. Suna tashi da ja ɗaya, sun fi kowa tsimin mai. Amma ranar da suka yi gardama sai an nemo mai kwamfuta, kuma man jarka mai ruwa da ƙura ba ya yi musu daɗi. Ko mai kafireta ɗin ma, ramukan da mai ke bi a ƙaramin mai bugu huɗu sirara ne kamar kafar allura, ɗan datti kaɗan ya toshe su. Tace mai da kyalle mai tsabta kafin a zuba, da ƙarar da wanda ke cikin kafireta idan za a ajiye injin kwanaki, su ne rabin lafiyarsa. A inda babu dila kusa, ni mai kafireta zan zaɓa.

Tsawon ƙafa kuma a auna shi da awo, ba da ido ba. Akwai gajere, inci 15, akwai dogo, inci 20. Ya yi gajarta, farfela ta riƙa shan iska, famfo ya rasa ruwa. Ya yi tsawo, ya riƙa dukan ƙasa da kututturan itatuwan da tafki ya haɗiye.

Da na gama wannan dogon bayani, mutumin nawa ya ce akwai wani na hannu da aka yi masa tayi, rabin kuɗin sabo. Na ce ya je da sassafe tun ba a ɗumama shi ba, a tsoma ƙafarsa a durom mai ruwa, ya ja igiyar da hannunsa. Ya duba ko ruwa na tsartuwa da ƙarfi ta baya. Ya zaro sandar baƙin mai, ya sa a kwance sukurun ƙasa na man giya, idan ya ga ɗayansu ya yi fari kamar nono to ruwa ya shiga, ya yi sallama ya kama hanya. Kuma kada ya tafi shi kaɗai ko da ƙanen nasa, ya biya wa bakaniken bakin ruwansu kuɗin mota su tafi tare. Ya yi shiru, sannan ya ce bakaniken nasu bai taɓa buɗe mai bugu huɗu na jirgi ba, amma yana gyara Boxer da injin ban-ruwa. Na ce to ya ɗauke shi, ai ya san bawul.