Fara da Jatan Lande Dangi Ne

'Yan'uwa manoma, yaranmu da sun shiga makaranta sai su soma jin kunyar cin fara, wai abincin ƙauye ce. Amma in an daka busasshen jatan lande a miya, sai su suɗe kwano. Masana kuwa sun ce jatan lande da ƙaguwa da fara dangi ne: ƙafafu masu gaɓoɓi, ɓawo a waje, nama a ciki.

To, don me Bature ke cin na ruwa, yana ƙyamar na tudu? Sabo ne kawai. A ƙasarsu mai sanyi ƙwari ba su fitowa har a cika buhu, teku kuwa tana kusa. Mu ga fara, ga shinge. Yohanna Mai Baftisma ma fara da zuma ya ci. A 2021 kuwa Tarayyar Turai ta yarda a sayar da fara a kasuwanninta.

Saboda haka kada mu raina abin da ke gina jikin 'ya'yanmu sa'ad da nama ya fi ƙarfinmu. Sai dai mu lura, farar da aka kama inda aka yi feshi guba ce. Lalle kowace ƙungiya ta sanar da mata da yara duk gonar da aka fesa. Wanda jatan lande ke sa wa ƙaiƙayi kuma, ya yi hankali da fara.

Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.