Naushin Jordan Ba Shi Ya Ci Kofi Ba

Tun da aka fitar da shirin The Last Dance a 2020, lokacin da kullen korona ya zaunar da kowa a gida, wani labari ya ƙi mutuwa a wayoyinmu. An yanko shi guntu-guntu, an ɗora masa kiɗa, ana ta tura shi a WhatsApp da TikTok: wai Michael Jordan ya naushi abokin wasansa Steve Kerr a wurin atisaye, shi ya sa Chicago Bulls ta zama gagara-badau. Masu turawa sukan ƙara da cewa haka zakaru suke, wanda bai iya fushi ba ba zai iya cin kofi ba. Ni kuwa na gaji da wannan karatu, domin na ga inda yake kaiwa.

Abin ya faru, ba musu. A 1995 ne, ana shirin shiga sabuwar kakar ƙwallon kwando ta Amurka. Jordan bai daɗe da dawowa daga ritayarsa ta farko ba, kuma Orlando Magic ta fitar da su daga gasar da ta gabata, ga haushi yana cinsa. Rikici ya kaure a atisaye, Kerr ya kai masa duka a ƙirji, shi kuma ya rama a ido. A kakar nan Bulls ta ci wasa 72 cikin 82, ta ɗauki kofi. A nan masu yanko bidiyo suke tsayawa.

Abin da ba sa faɗa shi ne koci Phil Jackson ya kori Jordan daga atisayen ranar. Jordan da kansa ya nemi lambar Kerr, ya kira shi ya ba shi haƙuri. Wato mai naushin ma bai ɗauki naushin abin alfahari ba a ranar da ya yi shi. Sannan mutumin nan ya riga ya ci kofi uku, daga 1991 zuwa 1993. Yana da Scottie Pippen a gefe, aka kuma kawo Dennis Rodman a shekarar. Ƙungiyar da ke da waɗannan ba ta rasa komai ba balle a ce kumburin idon Kerr ne ya cike gurbi. Jordan ɗin nan, da zafin ransa cif, ya buga wa Washington Wizards kaka biyu daga 2001 zuwa 2003, ko zagayen fitar da gwani ba su kai ba. Ina fushin ya tafi a lokacin?

Abin mamaki, Kerr ya sake ganin irin wannan rana, yana koci. A watan Oktoban 2022, Golden State Warriors na riƙe da kofi, Draymond Green ya ɗirka wa Jordan Poole naushi a atisaye, bidiyon ya fita duniya ta gani. Da naushi na haɗa kan ƙungiya, da sun sake cin kofi. Sai ga shi Los Angeles Lakers ta fitar da su a zagaye na biyu, kafin sabuwar kaka kuma an tura Poole Washington. Wannan bidiyon ba wanda yake ɗora masa kiɗa.

Da abin ya tsaya a Amurka, da ban ɓata yawuna ba. Manya ne masu albashin miliyoyin daloli, suna da lauyoyi da likitoci. Amma akwai filin da nake bi ta gefensa in na taso daga aiki, inda wani koci yake horar da yara ƙwallon ƙafa. Na taɓa tsayawa na ga wani yaro, bai wuce shekara 13 ba, an buga masa ƙwallo sau uku tana tsalle daga ƙafarsa. A na ukun kocin ya shara masa mari, ya sa shi tsallen kwaɗo ya zagaya fili. Da na yi magana bayan an tashi, sai ya ce mini ai ni ban san wasa ba, haka ake ƙera zakaru, in je in ga yadda Jordan yake yi.

To, ni ban san wasa kamar shi ba, amma ko daga bakin fili na ga matsalar yaron. Yana tarar ƙwallon da ƙafa a sandare, maimakon ya ɗan janye ta baya lokacin da ƙwallon ta taɓa shi don ƙarfinta ya mutu. Gyaran minti biyar ne, sai maimaici. Marin bai gaya masa wannan ba. Abin da ya koya masa shi ne ya riƙa ɓuya bayan wani don kada a ba shi ƙwallo. A aikina na rubuta manhaja, in ta ƙi aiki, nakan ji kamar in rotsa kwamfutar da ƙasa, kuma na san wannan jin sarai. Sai dai kuskuren yana nan a layinsa yana jirana har in huce in nemo shi. Kocin da ya ɗaga hannu, sau da yawa neman layin ne ya gagare shi.

Za a ce ina so a mayar da fili wurin shan shayi. A'a. A yi gudu har numfashi ya ɗauke, a maimaita bugu ɗaya sau ɗari, wanda ya makara a zaunar da shi a benci ranar wasa. Yaro ya ji haushin kansa in ya ɓarar, wannan haushin ma alheri ne, shi ke dawo da shi fili da asuba. Abin da na ƙi shi ne babba ya sauke nasa takaicin a fuskar ƙaramin da ba zai iya ramawa ba, ya sa masa suna horo. Ko Kerr ya rama, kuma an kira shi an ba shi haƙuri. Wa zai kira wannan yaron?

Muna jin labarin waɗanda suka sha duka suka yi suna ne kawai, domin su ake miƙa wa makirufo. Waɗanda suka ajiye takalmi suka koma gida ba a yi musu shiri. Makon jiya na sake tsayawa a bakin filin, na ƙirga yaran, ban ga shi ba. Na tambayi wani abokinsa, ya ce ya daina zuwa. Kocin yana can tsakiyar fili da usur a baki, yana daka wa wani sabon yaro tsawa.