Raba tagwaye daga ɗakin hoto ake farawa

A watan Oktoban 2023 aka ɗauki wasu tagwaye mata da aka haifa a manne daga Kano zuwa Riyad. Ba a raba su ba sai ranar 29 ga Fabrairun 2024, a Asibitin Yara na Sarki Abdullah, ƙarƙashin jagorancin Dokta Abdullah Al-Rabi'a. Ranar tiyatar ce ta cika kafafen labarai, amma watanni huɗun da suka gabace ta su ne ya kamata masu tsara kasafin lafiya su duba.

Likitan tiyata ba ya kai wuƙa ga abin da bai gani ba. Kafin a sa rana, sai an san ko hantar ɗaya ce, ina hanjin ya haɗu, ko kowace yarinya na da ƙodarta da mafitsararta. Hoton zuciya ke nuna ko zukata biyu ne masu cin gashin kansu, kuma sau da yawa amsar nan kaɗai ke yanke hukuncin a raba ko a haƙura. A na'urar CT, akan yi wa ɗaya allurar ruwan da ke haskaka hanyoyin jini, a ga yadda yake tsallakawa jikin ɗayar. MRI kuwa ita ke fito da laka da jijiyoyi, abin da ba makawa ga 'yan Kano, waɗanda suka haɗu a mara da ƙugu da ƙasan ƙashin baya.

Ba hannu muka rasa ba. A Nuwamban 2019, tawagar Farfesa Emmanuel Ameh ta raba tagwayen da suka haɗu a ƙirji da ciki a Asibitin Ƙasa na Abuja. A Yola ma Farfesa Auwal Abubakar ya jagoranci irin wannan aiki.

To, ina batun Gombe? Nan ne tsakiyar Arewa maso Gabas, kuma Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke birnin shi ne madogarar mai naƙuda da aka turo daga Dukku ko Kaltungo. Haihuwar tagwaye a manne ba kasafai take aukuwa ba, mun sani. Sai dai na'urar da za ta duba su ita ce ke duba wanda ya yi hatsarin mota da mai shanyewar ɓarin jiki kowace rana.

Sayen na'ura shi ne ɓangare mai sauƙi, shi ne kuma mai bikin yanke ƙyalle. Wahalar tana ga wutar da ba ta yankewa, da kwangilar gyara, da riƙe likitocin karanta hoto da ƙasashen waje ke zawarci. Muna kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da ta riƙa bayyana wa jama'a, asibiti bayan asibiti, na'urorin da ke aiki da waɗanda ke kwance, ta fara da Gombe. Jami'an da ke shirya kasafin baɗi kuma su ware wa gyara da wuta layinsu na daban.