Tururuwa: Ɓarauniya ko Manomiya?

A idon manomi, tururuwa ɓarauniyar hatsi ce, hukuncinta kuwa guba ko wuta. Ba a ce ƙarya ya yi mata ba, domin lalle akwai irin da ke kwasar gero ta cinye. Amma yi wa dukkan danginta, kamar su kiyashi da cinnaka, hukunci ɗaya kuskure ne, domin a cikinsu akwai waɗanda daji ba ya tsayuwa sai da su.

Tun a shekarar 1906 wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin, Rutger Sernander, ya bayyana yadda abin yake. Wasu tsirrai sukan fitar da iri mai ɗan ƙullutun maiƙo a jikinsa, kamar wanda ake gani a bakin ƙwayar zurma. Wannan maiƙo shi ne ladan dako. Tururuwa takan ja ƙwayar zuwa raminta, ta ciyar da 'ya'yanta maiƙon, sa'an nan ta yar da ƙwayar a jujinta ba tare da ta ɓata ta ba. A nan ɓera ba ya ganinta, gobara ba ta cin ta, ga kuma taki. Watau shuka ce aka yi ba da fartanya ba. Masana sun ƙiyasta cewa tsirrai wajen iri 11,000 ne ke cin wannan moriya a duniya.

Mai shakka ya dubi abin da ya auku a yankin Kef na Afirka ta Kudu, inda ciyayin daji ke dogara ga gobara kafin su sake tsirowa. A farkon ƙarni na 20 wata baƙuwar tururuwa daga Amurka ta Kudu ta shiga ƙasar, ta kori 'yan gida a wurare da dama. Ita kuwa takan lashe maiƙon ne ta bar ƙwayar a fili, ɓeraye su tsince. A 1984 Bond da Slingsby suka nuna cewa a inda baƙuwar ta mamaye, wani irin tsiro da suka bincika da ƙyar yake fitowa bayan gobara. Ba gatari aka sa ba, ɗan dako kawai aka rasa.

Darasin a fili yake. Mai feshin guba ba tare da bambancewa ba yana iya kashe abokin aikinsa bai sani ba. Bambancewa kuwa da suna take farawa. Ashe ke nan ɗalibin Hausa ma yana da rabonsa a wannan aiki: ya je ga tsofaffin manoma da mafarauta, ya tattara sunayen waɗannan ƙwari da halin kowannensu, tun masu sanin suna da rai. In sunan ya ɓace, sanin ma ya bi shi.

Hausawa dai sun riga sun faɗa, raina kama ka ga gayya.