Turbo ya doke sufacaja: me hakan ke nufi ga makanikan Kumasi?

A watan Disamban 2023 kamfanin Dodge na Amurka ya rufe ƙirar Challenger, motar da ta yi suna da injin Hellcat mai lita 6.2 da sufacaja. Sabuwar Charger mai amfani da fetur ta zo da injin lita 3 mai turbo biyu. Haka Chevrolet ya yi: Corvette ZR1 ta 2019 sufacaja gare ta da ƙarfin doki 755, ta 2025 kuwa turbo biyu ne da ƙarfin doki 1,064. Jaguar ma ya daina F-Type a 2024. Akwai ragowa irin Mustang GTD ta Ford, amma alƙiblar masana'antar ta bayyana.

Mai sayar da albasa a Aboabo ko direban tasi a Asawase zai iya cewa wannan rigimar masu kuɗi ce. Sai dai abin da aka fara gwadawa a motocin tsere shi ke gangarowa zuwa motocin talaka, kuma bayan 'yan shekaru shi ne zai sauka a tashar jiragen ruwa ta Tema a matsayin motar hannu, wadda 'yan Ghana ke kira hom-yus, 'yan Najeriya tokumbo.

Na'urorin biyu aiki ɗaya suke yi: cusa wa inji ƙarin iska domin ya ƙona ƙarin mai, ya ba da ƙarin ƙarfi. Sufacaja da bel ake juya shi daga jikin injin, saboda haka da an taka totur yake amsawa, amma yana cin wani kaso na ƙarfin da ya samar. Turbo kuwa hayaƙin da zai fita ta salansa ne ke juya fankarsa, wato ƙarfin da da a banza zai tafi. Shi ya sa ƙaramin inji mai turbo ke yin aikin babba, da ƙarancin shan mai a tuƙin yau da kullum. Dokokin rage hayaƙi a Turai da Amurka ne suka tura kamfanoni wannan hanya.

Makanikan Suame Magazine, babbar matattarar gareji ta Kumasi inda ake ƙiyasta mutum kusan 200,000 ke neman abinci, cikinsu har da ɗimbin matasan Zango, sun riga sun ga wannan sauyi sau ɗaya. Marsandi mai tambarin Kompressor, irin C180 da C200 na shekarun 2000, sufacaja ce, kuma kamfanin ya maye gurbinta da turbo wajen 2010. Tun daga 2016 Honda ta sa turbo mai lita 1.5 a Civic, sannan CR-V da Accord suka biyo baya. A 2021 Toyota ya cire V8 daga Land Cruiser, ya sa V6 mai turbo biyu.

Turbo ba baƙo ba ne a Magazine. Motocin Sprinter da ke jigilar fasinja, da manyan DAF da MAN masu kawo albasar Galmi daga Nijar su koma da kaya arewa, da turbo na dizal suke aiki. Sabon abu shi ne turbo a ƙaramar motar fetur, wanda ya fi zafi, kuma kwamfuta ke sarrafa shi. Fankarsa na iya juyawa sau 200,000 a minti guda, hayaƙin da ke bugunta kuma kan kai maki 900 a ma'aunin Selsiyos. Baƙin mai ne kaɗai ke tsakanin sandarsa da lalacewa.

A nan ne haɗarin yake. Tsohuwar Corolla tana jure baƙin mai na bakin titi da jinkirin juye. Injin turbo ba ya yafe wannan. Mai maras kyau yana daskarewa ya toshe siririn bututun da ke kai wa turbo, ƙurar hunturu kuma idan ta ratsa matatar iska sai ta cinye fikafikan fanka. Fetur mai rauni yana sa inji ƙwanƙwasa. Direban da ya taso daga Tamale ya kashe mota nan take, ba tare da ya bar ta ta huce na minti ɗaya ko biyu ba, yana rage wa turbo kwana.

Duk da haka dillalai za su ci gaba da kawo su, domin harajin kwastan a Ghana yana hawa ne da girman inji. Mota mai ƙaramin inji da ke gudu kamar mai babban inji na iya zama riba ga mai shigo da ita. Ta fuskar mai kuma an samu ci gaba: a 2017 Ghana ta rage sinadarin sulfa da aka yarda da shi a man da ake shigowa da shi zuwa kashi 50 cikin miliyan, kuma a 2020 ECOWAS, wato CEDEAO, ta amince da wannan mizani ga ƙasashenta. Amma motar da ke zirga-zirga tsakanin Kumasi, Wagadugu da Yamai a kowane gidan mai take sha, ingancin kuma ba ɗaya ba ne.

Babban ƙalubalen na masu koyon sana'a ne. Yaron da ubangidansa ya koya masa gane ciwon inji da kunne yanzu yana buƙatar na'urar da ake jona wa mota ta karanto matsalarta, da ilimin fassara abin da ta nuna. Garejin da ba shi da wannan zai riƙa sauya kayan gyara bisa zato, mai mota na biya, har ya gaji ya koma wurin wakilan kamfani a Accra.

Magazine ta taɓa sabunta kanta. A farkon shekarun 1980 jami'ar KNUST ta buɗe cibiyar horo a Suame, wadda ta yaɗa sababbin dabarun narka ƙarfe da sarrafa shi a tsakanin masu sana'a. Irin wannan haɗin gwiwa ake buƙata yau a fannin lantarkin mota. Shugabannin Zango da ƙungiyoyin direbobi na da rawar takawa wajen tura yara horo, tun kafin motocin da ake ƙerawa a bana su cika garejin Suame.